Sawun Taya bisa Sawun Raƙumi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar Agadas, ko a kasuwar Tanut ko ta Abalak, ya san motar nan mai buɗaɗɗen baya wadda tayoyinta huɗu ke ja gaba ɗaya. Mutanen Nijar suna kiranta kat-kat, daga lafazin Faransanci. A ƙetaren iyaka kuwa, wajen Katsina da Kano, a-kori-kura ake ce wa motar da ke da irin wannan akwati a baya. Ita ce motar likitan dabbobi da ta jandarma, ita ce ta ɗan kasuwa da ta mai haƙar zinariya. Sai dai ba yadda ta fito daga masana'anta a Japan take shiga Tenere ba. Kafin ta bar gudron sai ta biya ta garaji, a ƙarfafa mata baya, a ɗaura mata tanki na biyu, a rataya mata felu da faifan ƙarfe da salkar ruwa. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kaya yana da tarihinsa, kuma wanda ya bi tarihin zai tarar cewa shekara ɗari ke nan masu ƙera mota da masu gyaranta suna ƙoƙarin koya mata abin da raƙumi ya gada tun kaka da kakanni. Sun ci nasara a kusan kowane fanni. Fanni guda ne ya gagara, shi ne kuma ya fi cin rayuka.

Gadon ayari

Kafin zuwan mota, manyan hanyoyi biyu ne suka haɗa ƙasar Hausa da hamada. Ta farko ta taso daga Tarabulus, ta biyo ta Gadamas da Gat, ta ratsa duwatsun Abzin, ta sauka Damagaram kafin ta ƙarasa Kano. Ita ce ta riƙa kawo tufafi da takarda da bindigogi daga arewa, tana komawa da fata, gashin jimina, hauren giwa da kuma bayi. Isowar jirgin ƙasa Kano a shekarar 1911 ce ta karya ta, domin kaya sun koma bin teku ta Ikko. Ta biyu ita ce hanyar gishiri. Kowace shekara wajen watan Oktoba Abzinawa sukan ɗora gero bisa raƙuma, su ratsa Tenere zuwa Fashi da Balma, tafiyar da ta kusa kilomita 600 daga Agadas, su komo da kantun gishiri da dabino, sa'an nan su gangara da su kasuwannin Damargu, Tasawa da Kano. An rubuta cewa ayarin shekarar 1906 ya kai raƙuma 20,000.

Abin da ya sa raƙumi ya dace da wannan aiki a fili yake. Tafin ƙafarsa faffaɗa ne mai taushi, yana bajewa duk sa'ad da ya taka, don haka ba ya nutsewa cikin rairayi. Yakan yi kwanaki bai sha ruwa ba, in ya samu kuma ya kwankwaɗi lita ɗari a zama guda. Yana ɗaukar kilo 150 ya yi tafiyar kilomita 30 zuwa 40 a yini. Amma raƙumi shi kaɗai bai taɓa ƙetare Tenere da kaya ba. Ayari ne ke ƙetare ta, ayari kuwa yana da doka. A gabansa akwai madugu, sunan da har Abzinawa suka ara daga Hausa, mutumin da ke karanta taurari da dare, da rana kuma ya karanta inuwa da kwanciyar rairayi. Ana ajiye damman ciyawa a kan hanya domin dabbobi su ci a dawowa. In raƙumi ya faɗi, sai a raba kayansa ga sauran. Ba a tashi sai an taru, ba a kuma barin mutum a baya.

Motocin farko

Ran 17 ga watan Disamba na shekarar 1922 motoci biyar na kamfanin Citroën suka tashi daga Tugurt, a kudancin Aljeriya, ƙarƙashin jagorancin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Ran 7 ga Janairu na 1923 suka shiga Tumbutu, bayan tafiyar fiye da kilomita 3000. Wannan ne karo na farko da mota ta ratsa Sahara daga arewa zuwa kudu. Motocin suna da tayoyi a gaba, a baya kuwa wata faffaɗar ɗamarar roba ce ke juyawa, irin ta tankar yaƙi. Injiniya Adolphe Kégresse ne ya ƙirƙiro wannan dabara a Rasha domin motocin sarkin ƙasar su iya tafiya bisa dusar ƙanƙara. Ƙanƙara da rairayi matsalarsu ɗaya ce: nauyi in ya taru a ɗan ƙaramin wuri sai ya nutse, in aka baza shi sai ya hau. Watau tun ranar farko tafin raƙumi ake kwaikwayo.

Ayarin Citroën na biyu, wanda Faransawa suka sa wa suna Croisière noire, ya bar Kolom-Beshar ran 28 ga Oktoba na 1924 da motoci takwas. Ya sauko bakin kogi a Burem, ya biyo ta Yamai, Tasawa da Damagaram, wadda a lokacin ita ce babban birnin mulkin mallaka, ya wuce tafkin Cadi. A Tasawa mai ɗaukar silima Léon Poirier ya ɗauki hoton fadar sarki Barmu, aka nuna a Faransa. Sai dai ɗamarar roba tana saurin cinyewa bisa duwatsu, gudunta kuma kaɗan ne. Kamfanin Renault ya bi wata hanya, ya ƙera mota mai ƙafafu shida, kowace ƙafa da tayoyi bibbiyu. Da irinta ne ƴan'uwan nan masu suna Estienne suka buɗe hanyar Tanezruft, inda aka jera gangunan ƙarfe a matsayin alama. Ta biyar ɗin ta zama zango da wurin shan mai, aka san ta da sunan Bidon V. Cikin shekarun 1930 motocin fasinja suka fara zirga-zirga daga birnin Aljer zuwa Kano ta Tamanrasat, Agadas da Damagaram.

Darasin da ya fi amfani kuwa daga gabashin Sahara ya zo, ta hannun wani hafsan sojan Ingila mai suna Ralph Bagnold. Daga ƙarshen shekarun 1920 shi da abokansa suka riƙa kutsawa hamadar Masar da Libiya da ƙananan motocin Ford marasa nauyi, waɗanda tayoyin baya kaɗai ke ja, har suka kai arewacin Cadi a 1932. Sun gane cewa in aka rage iskar taya sai ta kwanta, sawunta ya yi tsawo, motar ta hau tudun rairayin da ake cewa ba ya hawuwa. Sun riƙa tafiya da dogayen faifan ƙarfe da ake cusawa ƙarƙashin taya in mota ta kafe. Sun haɗa bututu daga bakin radiyata zuwa wani gwangwani, domin tururin da ke fita in inji ya yi zafi ya koma ruwa maimakon ya salwanta. Da yake ƙarfen mota yana rikita allurar kamfas, Bagnold ya ƙera kamfas mai aiki da inuwar rana, abin da madugai suka daɗe suna yi da ido. Sukan kuma fita da motoci uku ko huɗu iri ɗaya, domin ƙarfen wannan ya shiga waccan. A 1940 ya kafa wa Ingila rundunar sintirin hamada bisa waɗannan ƙa'idodi, wadda cikin Janairu na 1941 ta haɗu da sojojin Faransa da suka fito daga Cadi, suka kai wa Italiyawa hari a Murzuk.

Zuwan kat-kat

Yaƙin duniya na biyu ne ya yaɗa motar da tayoyinta huɗu ke ja, wato Jeep ta sojojin Amurka, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941. A motar yau da kullum inji tayoyi biyu yake juyawa, sauran biyun bi kawai suke yi, kuma cikin rairayi ko taɓo su ne ke tokarewa. A kat-kat akwai ƙaramin akwatin giya na biyu bayan na farko, wanda ke raba ƙarfin inji tsakanin gatarin gaba da na baya, watau ƙarafan da ke riƙe da tayoyi. Cikin wannan akwati ne kuma ƙaramar giya take, wadda ke rage gudu ta ninka ƙarfin ja kusan sau biyu, domin hawan dutse ko fita daga kwari.

Ingila ta fito da Land Rover a 1948, da gangar jikin alminiyom saboda ƙarancin baƙin ƙarfe bayan yaƙi. Ita ce motar kumandan a ƙarshen mulkin mallaka, ita ce kuma ta ma'aikatan lafiya da na kiwo bayan samun ƴancin kai a 1960. A kan hanyoyin jan burji na kudu kuwa Peugeot 404 mai rufin tamfol ce sarauniya, duk da cewa tayoyin baya kaɗai ke ja mata. Manyan kamyo su ma sun gwada Tenere: daga Nuwamba na 1959 zuwa Janairu na 1960 kamfanin Berliet ya tura kamyo tara masu ƙafafu shida, suka ratsa ta daga Janet zuwa Cadi, suna kafa alamomin ƙarfe da har yanzu ake kira da sunan kamfanin. Wannan sabon zamani bai zo ba tare da ɓarna ba. A 1973 wani direban kamyo ya banke itaciyar Tenere, wadda take tsaye ita kaɗai a tsakiyar hamada, ayarori suna yada zango a gindinta ba wanda ya taɓa karya mata reshe; ran 8 ga Nuwamba na shekarar aka kai gangar jikinta gidan adana kayan tarihi na Yamai. Farin shekarun 1973 da 1984 ya kashe raƙuma masu yawa, abin da ya ƙara buɗa wa mota hanya.

Amma wadda ta gaje fagen daga Japan ta zo. Toyota ta ƙera kat-kat ɗinta ta farko a 1951, lokacin yaƙin Koriya, ta raɗa mata suna Land Cruiser a 1954. Jerin da ake kira 40 ya fito a 1960, har da mai buɗaɗɗen baya, sai jerin 70 ya gaje shi a 1984, kuma har yau ana ƙera shi. Ƙanwarta Hilux ta fito a 1968, ta samu jan tayoyi huɗu a 1979. Abin da ya sa direbobin hamada suka rungumi jerin 70 shi ne sauƙin ƙira: gangar ƙarfe mai kauri, gatari guda miƙaƙƙe gaba da baya, da injin gazuwal mai lita 4,2 da silinda shida wanda aka fara sa mata a 1990. Wannan inji bai da gudu, ƙarfinsa bai wuce doki 130 ba, amma famfonsa na mai ba ya dogara da kwamfuta, yana jure gurɓataccen gazuwal, kuma makanike a Dirku ko a Tasker yana iya kwance shi bisa tabarma ya mayar.

Aikin garaji

Masana'anta ta yi motar domin ta ɗauki kimanin tan guda. Hanyar hamada kuwa fiye da haka take nema, shi ya sa gyaran farko a baya ake yinsa: ana ƙara ganye ɗaya ko biyu cikin ƙarafan sifirin da ke jere bisa juna, waɗanda makanikai ke kira lam, domin kada gindin motar ya zauna. Gyara na biyu na mai ne. Cikin rairayi mai taushi inji yana iya shan ninkin abin da yake sha bisa gudron, gidajen mai kuwa babu su. Wasu motocin sukan zo da tanki biyu masu ɗaukar lita 180, duk da haka sai an ƙara ganguna da jarkoki. A nan ne lissafi ke fara cin kansa, domin ganga mai lita 200 ta gazuwal nauyinta ya haura kilo 170, kowace litar ruwa kilo guda ce, kuma duk kilon da aka ɗora yana ƙara nutsar da taya, ya ƙara shan mai.

Taya ita ce tafin ƙafar mota, ilimin direba kuma a kanta ake gane shi. Bisa gudron akan hura ta kilo biyu da rabi ko fiye. In aka shiga rairayi sai a sassauta ta zuwa wajen kilo ɗaya. Amma tayar da aka sassauta tana zafi in an yi gudu, duwatsu kuma suna yaga mata gefe, don haka da an fita rairayi dole a tsaya a sake hurawa. Shi ya sa famfon iska, faci, tiyub da taya biyu na ajiya suka fi kowane ado daraja. Faifan ƙarfen nan masu huji-huji da ake ɗaurawa a gefe, waɗanda ake ce wa tol, asalinsu shimfiɗar filayen jiragen sama ce ta yaƙin duniya na biyu. Bututun da ke hawa ta gefen gilashi har saman rufi an ƙirƙiro shi ne domin tsallake ruwa, amma a Sahara aikinsa shi ne shaƙo wa inji iska daga sama, inda ƙura ba ta kai ta wajen tayoyi yawa ba. A kudu, in damina ta cika Gulbin Kaba ko Majiya, yakan koma aikinsa na asali.

Akwai kuma makullin gatari. A tsakiyar kowane gatari akwai wata na'ura da ke barin tayar waje ta fi ta ciki juyawa in an sha kwana. Aibinta shi ne, in taya guda ta rasa abin kamawa, ƙarfin duka wajenta yake zubewa, ta yi ta juyi a banza tana haƙa wa kanta rami. Makulli yana tilasta wa tayoyin biyu juyawa tare. Wasu kuma sukan ɗaga motar sama domin cikinta ya daina karo da duwatsu, sai dai motar da aka ɗaga, aka kuma tula wa kaya bisa rufi, ba ta wuyar kifewa a gefen tudu. Kowane ƙari yana da farashinsa. Cikin dukan waɗannan kaya, wanda ya fi tsufa shi ne bai canza ba: salkar fatar akuya da ke lilo a gefen mota, iska na bugunta tana sanyaya ruwan, kamar yadda take yi a gefen raƙumi.

Yaƙin Toyota

Duniya ta san abin da wannan mota ke iyawa ne a shekarar 1987, a arewacin Cadi. Sojojin Libiya na Mu'ammar Gaddafi suna riƙe da yankin da ɗaruruwan tankokin yaƙi ƙirar Tarayyar Sobiyat da jiragen sama. Faransa ta ba sojojin shugaba Hissène Habré motocin Toyota kimanin 400, da makamai masu linzami na fasa tanka da ake kira Milan. Ran 2 ga Janairu kwamanda Hassan Djamous ya auka wa sansanin Fada. Motocin suka ɓullo ta ko'ina da gudu, suna kutsawa tsakanin tankokin da kowace ta kai tan 36, suna harbi suna wucewa kafin a juyo musu da bakin igwa. Bisa alƙaluman gwamnatin Cadi, Libiya ta yi asarar soja kusan 800 da tankoki fiye da 90 a yini guda, Cadi kuwa mutum 18 da motoci uku. Ran 22 ga Maris babban sansanin Wadi Dum ya faɗi, ran 5 ga Satumba motocin suka shiga cikin Libiya kanta suka ragargaza filin jiragen Matan as-Sarra, ran 11 ga watan aka tsagaita wuta. A 1994 kotun duniya ta tabbatar wa Cadi zirin Auzu da ake rikici a kansa.

An sa wa wannan yaƙi sunan mota, amma bai kamata a manta da waɗanda ke cikinta ba. Mayaƙan Cadi ƴaƴan makiyayan arewa ne, sun san rijiyoyi da mashigan duwatsu, kuma da motar suka yi irin harin da kakanninsu ke yi bisa raƙuma. Yawancin sojojin Libiya kuwa samarin biranen bakin teku ne da aka girke cikin ramuka a ƙasar da ba su sani ba. Darasin ya bazu, ya kuma juyo kan waɗanda suka koyar da shi. Da jerin irin waɗannan motoci Idriss Déby ya taso daga iyakar Sudan ya kori Habré cikin Disamba na 1990; da irinsu ƴan tawaye suka isa ƙofar fadarsa a Njamena cikin Fabrairu na 2008. A Nijar ma ita ce motar tawayen da ya ƙare da yarjejeniyar 24 ga Afrilu na 1995, da na shekarun 2007 zuwa 2009. Tankin da ke kai allurar rigakafi ruga mai nisa shi ne ke kai mai bindiga can, har ya zamana sabuwar kat-kat a daji kiran ɓarawo ce.

A tsakanin waɗannan yaƙe-yaƙe Tenere ta ga wani ayarin na daban. Tseren Paris-Dakar, wanda Thierry Sabine ya fara ran 26 ga Disamba na 1978, ya riƙa bi ta Agadas, ya jawo baƙi masu yawon buɗe ido, ya samar wa direbobi da ƴan jagora aiki, cikinsu har da Mano Dayak wanda filin jirgin saman garin ke ɗauke da sunansa. Motocin tsere sun fi kowaɗanne kayan zamani, amma a 1983 guguwar rairayi ta ɓatar da kimanin mutum 40 daga cikin masu tseren a Tenere, sai da aka kwashe kwanaki huɗu ana tsinto su da jirgi mai saukar ungulu. A 2008 aka soke tseren saboda rashin tsaro, daga 2009 kuma ya bar Afirka.

Motar da ta fita ita kaɗai

Bayan faɗuwar Gaddafi a 2011, da ɓullar zinariya a Jado cikin Afrilu na 2014, hanyar Agadas, Dirku, Madama zuwa Sabha ta cika da ƙananan motocin Hilux. Akan jera mutum ashirin zuwa talatin a baya, ƙafafunsu na lilo a waje, kowa yana rungume da sandar itace da aka kafa a tsakanin cinyoyinsa domin kada ya faɗi. Wannan ma gyara ne na garaji, ko da yake ba masana'antar da za ta amince da shi. Tafiyar da ayari ke yi cikin makonni ta koma ta kwana uku ko huɗu, guzurin ruwa kuma aka yanke shi daidai da haka. Na'urar nuna hanya ta tauraron ɗan'adam da wayar Thuraya, wadda ta fara aiki a 2001, suka sa matashin da bai taɓa bin madugu ba ya ga zai iya shiga hamada shi kaɗai. Na'urar tana nuna inda mutum yake da inda ya nufa. Ba ta san wace rijiya ce ta ƙafe bana ba, ba ta kuma ɗauke da famfon ruwan da zai maye wanda ya fashe.

Cikin Oktoba na 2013 aka tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7. Yawancinsu daga yankin Kance ne na jihar Damagaram, sun nufi Tamanrasat neman abin sakawa a baka. Motoci biyu ne suka ɗauko su. Ɗaya ta lalace, ɗayar ta sauke mutanenta ta juya neman ƙarfen gyara, ita ma ta lalace. Ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Ran 26 ga Mayu na 2015 aka kafa doka mai lamba 2015-36 da ta haramta safarar baƙin haure, daga 2016 kuma aka shiga kama direbobi da motoci. Kafin wannan, motoci sukan taru su bar Agadas ran Litinin tare da rakiyar soja har Dirku, wani irin ayari na zamani. Bayan dokar, masu wannan sana'a suka koma fita da dare ɗaya-ɗaya, suna kauce wa sanannun rijiyoyi inda jami'an tsaro ke jira. A farkon Yuni na 2017 mutum 44, yawancinsu ƴan Gana da Najeriya, suka mutu da ƙishirwa tsakanin Agadas da Dirku bayan motarsu ta lalace. An soke dokar cikin Nuwamba na 2023.

Shekaru ɗari bayan motocin Citroën, ana iya cewa mota ta samu tafin raƙumi ta hanyar sassauta taya, ta samu juriyarsa ta hanyar tanki da ganga, ta kuma fi shi gudu nesa ba kusa ba. Sai dai raƙumi ba ya mutuwa farat ɗaya. Yakan rame, ya rage tafiya, ya ba madugu lokacin shawara. Mota kuwa ƙaramin ƙarfe guda ke tsayar da ita nan take, a wurin da ƙafa ba ta iya kaiwa ga ruwa, kuma gudunta ne ya kai ta can. Maganin wannan ba a sayar da shi a shagon kayan mota. Tsoffin direbobin Agadas sun san shi, kamar yadda Bagnold ya koye shi a hamadar Libiya: kada a fita sai da mota ta biyu iri ɗaya, a ɗauki ruwan kwanakin da ba a yi niyyar yi ba, a faɗi hanyar da za a bi da ranar isowa, in an lalace kuma kowa ya zauna kusa da mota. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ayarin gishiri ya ragu ƙwarai, amma bai mutu ba. In kaka ta yi akan ga raƙuma a jere sun nufi Fashi da Balma, da madugu a gaba da damman ciyawa a baya, bisa dokar da motar da ke wuce su da gudu take bukata fiye da su.